Kan jirgin kakana da ƙullun ƙosai

Kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya tun zamanin Turawa. Da aka zo rabon tarkacen ɗakinsa, 'yan'uwa suka yi gaba da darduma da agogo da adaka, ni kuma aka miƙo mini wani ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, wai wani Bature ne ya bar masa da zai koma gida. Bai kai taƙi guda ba, amma zubin ƙarfe ne, in ya faɗo maka a ɗan yatsa sai ka yi salati. A jikinsa an buga Hornby Dublo, aikin kamfanin Meccano na Libaful. Ƙafafunsa lafiya lau, har da sandunan da ke haɗa su. Injin ne kawai babu, wani ya yashe cikin tun kafin a haife ni.

Na duba a waya, na ga tun 1938 aka fara ƙera irinsa, faɗin dogonsa milimita 16.5, wutarsa kuma volt 12. Da na ga volt 12 ɗin nan sai na kalli babur ɗina, na yi murmushi.

Na kai shi wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, na yaro ne ko naka?" Na ce na yaro ne. Yaron kuwa bai ma san da zaman jirgin ba. Ya tono mini inji daga wata matacciyar motar wasa, ya haɗa mini da robar tsohon rediyon kaset. Sai ya fara bayani cewa injin asali yana da ƙarfe mai zare irin na noti, wanda ke tura haƙora a hankali don ya rage gudu, kuma wannan nasa na batir biyu ne, volt 3 kacal. Yana cikin magana na biya shi, don masu gyara akwai son tsorata mutum.

Injin ya ƙi shiga cikin jirgin. Na goga, na kankare, a ƙarshe na bar gindinsa a waje ta wurin zaman direba, na ɗaure da kyauron keke. Dogo kuwa wayar ƙarfe biyu na miƙe a kan katako, na kafe da ƙananan ƙusoshi, na auna da rular ɗan autana.

Na ɗora jirgi, na jawo waya daga batirin babur, na sa ja a layi ɗaya, baƙa a ɗayan. Sai ji na yi fat! Tartsatsi ya tashi, waya ta yi ja zur, katako ya kama ƙauri, jirgi ko gezau. Na kira mai gyara, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce in duba cikin jirgin. Ashe tsofaffin Dublo layi uku suke bi: wuta ta shigo ta layin tsakiya, ta koma ta ƙafafu. Ƙafar dama da ta hagu ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, ba roba a tsakani, sai a 1959 kamfanin ya fito da masu layi biyu. Wato kawuna biyu na batirin na haɗa da juna, jirgin kakana ya zama gada.

Na ce to a bar dogo da wuta, in ja doguwar waya kai tsaye zuwa inji. Ranar Asabar da safe na ɗora katakon a kan benci a tsakar gida, na tara yara har da na maƙwabta. Uwargida tana gefe da robar ƙullun ƙosai, ta ɗago ta ce, "Malam, ka dai matsa da abin nan can." Na ce jirgi gaba zai yi, ita kuma tana baya, me ya haɗa su?

Na yi bismilla, na taɓa waya. Injin ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, jirgi ya zabura da baya, don na juya wayoyin. Kafin in ce kwabo ya ƙare katako, ya bar benci, ya yi tsalle ɗaya sai tsundum cikin ƙullu. Kuma bai mutu ba. Ƙafafu suna ta juyawa, ƙullu yana feshi, ya samu bango, ya samu shanya, ya samu gemuna. Yara suka kwashe da ihu suna "A sake! A sake!"

Na kai hannu zan cire waya, uwargida ta share fuska da gefen zani ta ce, "A'a, Malam, ƙyale shi. Dama ban gama bugawa ba."

Injin ya yi hayaƙi ya cika a nan cikin robar. Ƙosan ranar kuwa ya tashi fiye da kullum, ko da yake ni ba a ba ni ba. Babur ma ya ƙi tashi, sai turawa yaran suka yi har bakin titi, suna yi mini kukan jirgi.