Kifin Basam da garbar Abijan: inda idon mutumin Tawa ke yaudararsa

A Tawa ko Yamai ba allon ƙofa ake bi a sami abinci mai daɗi ba, mutum ake bi. Sai a ce maka ka je wurin mai balangun bakin tasha bayan la'asar, ko wurin matar da ke dambu da zogale a kusurwa kaza, amma ka yi sauri, in rana ta ɗaga ka tarar ta wanke tukunya. Abu uku muke dubawa ko ba mu faɗa ba: yawan masu saye, ganin abincin da ido kafin a zuba, da sanin lokacin da ake sauke shi daga wuta. Ƴan Adar da ke ci-rani a Kodebuwa da wannan ma'auni suke sauka. A cikin Abijan yana aiki sarai. A bakin tekun Garan-Basam, wanda bai fi kilomita 40 daga birnin ba, shi ne ke kai mutum ya baro. Ra'ayina ke nan, kuma ga dalili.

Cikar jama'a a gidan tuwo a Yamai shaida ce ta hannun mai dafuwa, don ba abin kallo a wurin sai kwano. A Basam kuwa iska da ruwa da inuwar bukka ne suka tara mutane. Ranar Lahadi rabin Abijan na can, kowace rumfa maƙil, ta mai iya gashi da ta wanda bai iya ba. Kuɗin da ka biya rabinsa na kujera ne. Haka ma taurarin da ake ba gidajen a waya: yawancin masu yabon faɗuwar rana suka gani. In za ka duba, duba hoton faranti da ranar da aka saka shi, ka bar hoton teku.

Babban kuskurenmu mu ƴan tudu shi ne zaton duk kifin da aka ci ana jin ƙarar igiyar ruwa, daga cikin ruwan nan ya fito. A Tabalak in ka ga karfasa a bakin tafki, ta tafkin ce. A gaɓar kogi a Yamai, giwan ruwan da sarkawa suka fito da shi da safe ba ya bukatar shaida. Kodebuwa kuwa mafi yawan kifin da take ci shigo da shi take yi a daskare daga waje, har da karfasar kiwo daga Sin, kuma kwalin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Abijan ba abin da ke hana shi hawa mota ya je Basam. Ba haramun ba ne, kifin firigo mun saba da shi a gida. Abin haushi a sayar maka da shi da kuɗin sabon kamu.

Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Gidan kirki zai kawo maka kifin ɗanye a tire ka zaɓa, ko a kai ka inda yake. Wanda ya ce "zauna kawai, yana zuwa", tashi. In an kawo, fara da ido: na sabon kifi a bulluƙe yake, garau kamar gilashi, wanda ya kwana biyu idonsa ya faɗa ciki ya yi hazo. Sa yatsa ka ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja wur. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka da yauƙi, a mayar. Danna tsokar bayansa. In gurbin yatsan ya cike nan take, lafiya; in ya zauna, ko ruwa ya tsattsafo, an daskarar da shi ya narke, wataƙila ba sau ɗaya ba, don duk lokacin da wuta ta ɗauke firigo na sakin abin da ke cikinsa sannan ya sake kamawa. Irin wannan kifi a kan garwashi yake tonuwa: naman ya yi laɓo-laɓo kamar auduga, ya manne wa waya, ya rabu da ƙaya tun ba a taɓa shi ba. Mai gashi ya sani, shi ya sa yake lafta masa albasa da tumatir da barkono har ba ka ganin fata. Sai hanci. Sabon kifin teku ƙanshin ruwan gishiri yake yi, ba ƙarni ba. In an riga an tsattsaga shi an cusa yaji kafin ka gani, an rufe maka hanci da ido gaba ɗaya.

Rana ma tana da magana. Da yawa daga masuntan wannan gaɓa Fanti ne ƴan asalin Gana, kuma a al'adarsu ba a fita teku ranar Talata. Kifin Talata da dare na Litinin ne in an yi sa'a. Litinin kuma ragowar Lahadi ake ƙarasawa. Tun 2023 gwamnati na rufe kamun kifi a teku na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa, masu kwalekwale watan Yuli, manyan jirage har ƙarshen Agusta. Wanda ya rantse maka a tsakiyar Yuli cewa da asuba aka fito da kifin tekun nan, ka san da wanda kake magana. Mafi dacewa a ganina Asabar ce, ka isa kafin azahar, lokacin da aka sayo kayan ƙarshen mako kuma gidan bai rikice ba.

Sannan a gama magana kafin kifi ya hau wuta. Ba farashi ɗaya gare shi ba, girmansa ne kuɗinsa, kuma girma a baki ba girma a faranti ba ne. Nuna wanda ka zaɓa, a faɗi kuɗinsa, ka tambaya ko aceke (dambun rogo) da aloko (soyayyiyar ayaba) na ciki ko daban suke, ka tambaya ko bukkar da kujerar kwanciya ana biya. Tunda sefarmu ɗaya ce ba wani lissafin canji, sai dai ka tuna a Faransancin can ba a ƙirga da dala: in an ce "ɗari biyar" tamma 500 ake nufi, dala ɗari ke nan a bakinmu. Gashin kifi madaidaici a kan garwashi yana cin minti 30 zuwa 45. In ya iso cikin minti goma, an gasa shi tun ɗazu an ɗumama. Jira a nan alama ce mai kyau, sai dai ka ba da odarka da zarar ka zauna, ba sai yunwa ta kama yara ba.

Kuma Basam ba bakin teku kaɗai ba ne. Tsohuwar unguwar Turawa, wadda ake kira Kartiye Faransi, tana kan siririn tudu tsakanin teku da lagun, wato tafkin da ke bayan gaɓa. Nan ne babban birnin mulkin mallaka na farko daga 1893, kafin cutar shawara ta kori Faransawa zuwa Binjarbil, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Baƙi a nan suke tsayawa. Mutanen gari kuwa, in ka haye gadar da ake kira Pon da la Biktuwar, suna unguwar Amperiyal, inda kasuwa da tasha suke. Can ne ma'aunin gida ke dawowa aiki, don wanda ya zauna cin abinci a gefen kasuwa ba iska ya zo sha ba. Gidajen gefen lagun ma sun fi na gefen teku kwanciyar hankali. In tambaya za ka yi, tambayi matar da ke sayar da ɗanyen kifi wane gida ne ke saye a wurinta kullum. Ta fi kowa sani. Tekun kuwa a kalle shi daga nesa: igiyar Basam na ja da ƙarfi, kuma iyon gulbi ba ya aiki a cikinta.

Abijan wata duniya ce, kuma a nan ba mu da baƙunta, don abincin da ya fi kowane farin jini a titi sunanmu gare shi. Garba, wato aceke da soyayyen kifin ton, daga ƴan Nijar masu sayar da ita ta samo suna. Abijan na cikin manyan tashoshin ton na Afirka. Wanda masana'antun gwangwani ba su ɗauka ba, ƙanana da masu rauni, shi ke fitowa kasuwa a jiƙe da gishiri ya ƙare a kaskon mai garba. Shi ya sa take da araha, ta jika guda na ƙosar da ƙato. Amma sanin mai garba ɗan garinku ne bai isa ba, kaskonsa za ka leƙa. Man da ya yi baƙi kamar na inji, yana kumfa yana hayaƙi, ya kwana yana aiki, kuma shi ake ɗiba a zuba maka a kan aceke. Je da hantsi zuwa azahar, lokacin da ake soyawa ana kwashewa, ka soke yankan da ya fito yanzu da cokali mai yatsu kamar yadda kowa ke yi. Ton na da wata illa da kifin kogi ba shi da ita: in ya daɗe cikin zafi kafin a soya, wani dafi na taruwa a namansa wanda wuta ba ta kashewa. Alamarsa ɗan yaji-yaji ko tsikari a harshe tun ba ka sa barkono ba, bayan ƴan mintoci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi. In ka ji haka a loma ta farko, ajiye.

Aceken kansa ba iri ɗaya ba ne. Na garba shi ne na ƙasa, ba a tsaya tace shi sosai ba, akwai zare-zaren rogo a ciki. Akwai mai ƙananan ƙwaya, akwai abojama mai manyan ƙwaya da ta fi tsada. Mai kyau warwas yake kamar dambun da ya ji turara, da ɗan tsami kaɗan na rogon da aka tsima. Wanda ya kwana yakan dunƙule, tsamin ya hau hanci. Matan ƙabilun Ebriye da Ajukru su ne gwanayensa, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya. Don haka wanda ke son gasasshen kifi da aceke na gaske, ƙauyukan Ebriye da birni ya haɗiye, irin su Blokoso a Kokodi da Abobo-Dume da ake hayewa da jirgin ruwan haya, sun fi masa rumfunan Basam, kuma aljihunsa zai gode masa.

Sauran kuwa kowa da lokacinsa. Shinkafar Sanagal a Tireshbil ta rana ce, in ka makara sai ƙanzo. Filin aloko na Kokodi da yamma yake tashi. Zon Katar a Markori ta masu kuɗi ce, gidajen Labanawa da na Turawa, farashi a rubuce, ba ciniki.

Inda ma'aunin gida ba ya taimakonmu ko kaɗan shi ne halal. A Tawa ba ka taɓa tambayar wa ya yanka ba. A maki, wato gidajen ci da sha na can, dole ka tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne, sun saba. Naman alade sana'a ce babba a wasu unguwanni, ana kuma dafa naman daji da dodon koɗi. Tambayar "akwai alade?" ba ta wadatar ba, tambayi ko waya ɗaya ake gasa kifi da shi, ko mai ɗaya ake suya. Kejenu, kazar da ake rufewa a tukunya da kayan miya ba a zuba ruwa, ana jijjigawa har ta nuna da ruwan jikinta, abinci ne da bai kamata a bar ƙasar ba a ɗanɗana ba, amma a tambayi inda aka sayo kazar, a kuma ce ta gida ake so, don ta gona narkewa take yi kafin romon ya haɗu. Ita ma tana cin kusan minti 45. Nama kuwa a bar wa ƴan'uwa masu cukuya, wato balangun can, yankansu namu ne. Su ne kuma ya kamata ka tambaya wace tanti, wato mai sayar da abinci, ce a layin ke girki mai tsabta, don tare suke kwana a titi.

Akwai laifinmu a nan. Mutum ya shekara goma a Ajame ko Abobo, daga garba sai tuwon gidan Hajiya, ya koma Tawa yana cewa mutanen kurmi ba su iya abinci ba. Wani kuma ya kwashi baƙinsa daga Yamai ranar Lahadi da azahar, ya kai su rumfar da ta fi kiɗa, su jira awa biyu, su ci karfasar kwali, su kwana a cunkoson hanyar dawowa. In baƙin nan nawa ne, Asabar da hantsi zan kai su su ga teku da tsofaffin gine-gine, su sha ruwan kwakwa, mu juyo kafin la'asar. Kifin sai da magariba a Blokoso, bayan an ɗaga kunnensa an duba.