Me iyayen da ba su da addini ke faɗa wa yara game da mutuwa?

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa iyayen da ba sa bin wani addini ba su da abin faɗa in yaro ya tambayi inda kakarsa ta tafi bayan rasuwarta, ko kuma suna hana shi jin zancen lahira kwata-kwata. A gidaje da dama abin ba haka yake ba.

A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kusan kashi 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini. Miliyoyin gidaje ke nan, kuma mutuwa na shiga cikinsu kamar kowane gida.

Yawanci sukan fara da abin da ya faru da jiki. Uwa ta zaunar da yaro ta ce masa: "Zuciyar Kaka ta daina bugawa, ba ta jin ciwo yanzu, kuma ba za ta dawo ba." Ba sa cewa "ta yi barci". Wannan kuwa shawara ce mai kyau ga kowa, domin ɗan shekara 4 zai iya fara tsoron kwanciya da dare. Sai wajen shekara 5 zuwa 7 ne yara kan gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa.

Batun lahira fa? Da yawansu ba sa rufe shi. Sukan ce: "Kawunka ya yi imani tana Aljanna, ni ban yi imani da haka ba, kai ma za ka yi naka tunanin in ka girma." Daga nan a ɗauko hotunanta, a dafa abincin da take so, a bar yaron ya yi kukansa.