Kifi ne, jama'a, ba aljanin ruwa ba

'Yan uwana na Gombe, don Allah mu daina tura bidiyon kifin nan da ake kira moray muna rubuta "aljanin teku" a ƙarƙashinsa. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaranmu suna gani, kuma abin da suke ɗauka shi ne duk halittar da ba su sani ba abin tsoro ce.

Kifi ne. Dogo ne mai santsin jiki, ka ce gaiwar da muka sani, sai dai shi mazauninsa ramukan duwatsun murjani ne a tekuna masu ɗumi. Danginsa sun kai iri 200. Babbansu yakan kai mita 3, nauyinsa kilo 30, kuma akwai shi a Bahar Maliya, tekun da alhazanmu suke hangowa idan jirgi zai sauka Jidda. Buɗe bakin nan da yake yi yana rufewa, wanda ake cewa barazana ce, numfashi kawai yake yi, yana tura ruwa ya wuce ta maƙoshinsa. Idonsa ma ba shi da ƙarfi, da ƙanshi yake gano abinci cikin dare.

To ga inda ikon Allah yake. A cikin maƙogwaronsa akwai wani muƙamuƙi na biyu mai nasa haƙoran. Idan ya cafke abinci da bakin waje, sai na cikin ya zabura zuwa gaba, ya damƙe, ya ja shi ciki. Sai a 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya suka nuna yadda hakan ke faruwa. Kafin nan, a 2006, masu bincike a Bahar Maliya sun bayyana yadda wani babban kifi yake zuwa bakin ramin moray, ya girgiza kai, su fita farauta tare: moray ya kutsa lungu, abokin ya tsare fili. Malaman kimiyyarmu na sakandare, wannan bai isa darasi guda ba?

Yana cizo, ba musu, musamman ga mai cusa hannu a raminsa. Amma haɗarinsa na gaske a namansa yake. Manyansu suna tara gubar siguwatera daga kifayen da suke ci, kuma dafuwa ko suya ba ta kashe ta. Duk wanda neman abinci ya kai bakin teku, kada ya ci shi.