Giyar ce ta ragu, ko bakin ne ya koyi amsa?

A asibitin masu karɓar maganin kanjamau akwai tambayar da ake yi da sauri kamar ana gudunta, wai kana shan giya? Nas tana rubutu ko kai ba ta ɗaga ba, layi ya yi tsawo a waje, mutumin ya ce "a'a Sista, ai na daina tun da aka ɗora ni kan magani", sai a rubuta sifili a fayil. Bayan wata shida a tattara fayiloli a ce shan giya ya ragu. To ni dai wannan lissafin bai kwanta min ba.

Ba wai majinyata maƙaryata ne ba fa. Wanda aka ja wa kunne tun ranar farko cewa giya da magani ba sa shiri ya riga ya gane amsar da ake so, ga kunya, ga tsoron kar a hana shi ƙwayoyin da ransa ya dogara da su, to me kake so ya ce?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi sunansa AUDIT, tambayoyi 10 ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, akwai kuma gajerensa AUDIT-C mai tambayoyi 3 da maki daga 0 zuwa 12. Yana da amfani kam, amma duk abin da bakin mutum ya faɗa shi ake rubutawa. Ko "kofi ɗaya" ma ba a daidaita ba, hukumar tana lissafa giram 10 na tsantsar barasa, Amurka 14, Birtaniya 8, balle wanda ake zuba masa ta gida ba awo, ya sha a ƙara masa yana hira, ina zai san nawa ya sha?

Shi ya sa gwajin jinin nan na PEth ya burge ni. Wani sinadari ne da ba ya samuwa a jini sai an sha barasa, yana daɗewa sati biyu zuwa huɗu, kuma ɗigon jini a takarda ya bushe ya wadatar. Da masu bincike suka haɗa shi da tambayoyin baki a Mbarara ta Yuganda, sun tarar da mutane da yawa da suka ce ba sa sha amma jininsu ya ce suna sha. Matsalarsa tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke da na'urar ba.

Kuma abin ba wasa ba ne, giya tana sa mantuwar magani, tana cin hanta musamman ga mai ciwon hanta na B ko C, tana kuma ƙara haɗarin tarin fuka. Wanda ya fi damuna shi ne wasu ranar da za su sha sai su ajiye maganin da gangan, wai kar su haɗu a ciki su zama guba, alhali tsallake maganin ne ke ba ƙwayar cutar damar farfaɗowa.

Amma in gwajin jini zai zama tarkon kama mai ƙarya a yi masa faɗa gaban mutane, gara a bar shi, don gobe ba zai dawo karɓar maganin ba ma. A rufe ƙofa, a fara gaya masa duk abin da ya faɗa ba za a hana shi maganinsa ba, sannan a tambaya, satin nan sau nawa?