Sa hannu ɗaya tak ya hana yaro bin uwarsa

Tun jiya da na rubuta cewa tafiyar ɗan ƙanwata zuwa Jamus ta rushe don ubansa ya ƙi sa hannu a takardar biza, saƙonni ke ta shigo min. Wasu jaje suke yi, wasu kuma cewa suke in yi haƙuri in rufa wa tsohon surukina asiri. Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba, amma shiru kam ba zan yi ba. Duk uban da zai riƙe sa hannunsa a kan takardar amincewa don ya ƙuntata wa matar da ya saka, ɗansa yake zalunta. An bar jaki ana dukan taiki.

Yaron nan shekararsa 11. Yana ɗan shekara 3 uwarsa ta shiga da shi gidan mijinta na yanzu. Shekara 8 ke nan bawan Allah nan yana ciyar da shi, yana biyan kuɗin boko da na Islamiyya. Shi ya kai shi aka yi masa kaciya, shi ya kwana zaune yana yi masa fifita. Da ƙaninsa da ke zaune a Jamus ya aiko musu da gayyata su je ganin jariri a lokacin dogon hutu, bai tsaya lissafin waye nasa waye ba nasa ba. Cewa ya yi mu biyar za mu: shi, matarsa, yara biyun da suka haifa, da babban yayansu.

Ya cire naira 100,000 ya yi wa yaron fasfo. Ya sayi inshorar lafiyar da ake nema, wadda dole ta kai ta Yuro 30,000. Ya ware kuɗin biza, Yuro 90 na kowane babba, Yuro 45 na yaron tunda bai cika 12 ba, ƙaramar cikinsu kuwa kyauta ce don ba ta kai shekara 6 ba. Ya karɓo bayanan asusunsa na banki, ya karɓo wasiƙar makaranta mai nuna yaushe za a koma aji. Ko hoton yatsu ba a buƙata daga yaro mai shekarunsa. Abu ɗaya ya rage a cikin jakar takardun: wasiƙar da uban da ya haife shi zai sa wa hannu cewa ya yarda ɗansa ya yi tafiyar sati biyu tare da uwarsa, haɗe da kwafin katin shaidarsa. Ba a nemi ko sisinsa ba. Sa hannu kawai.

Masu zagin Turawa a ƙarƙashin rubutuna na jiya, ku dakata. A wannan karon ba su da laifi. Bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da ita, ƙofa ce ta ƙasashe 29, kuma mutanen nan sun daɗe suna fama da iyayen da ke rabuwa, ɗaya ya ɗauke yaro ya tsallaka iyaka ɗayan bai sani ba. Tun 1980 aka ƙulla yarjejeniyar Hague a kan haka. Shi ya sa idan yaro zai yi tafiya da uwa kaɗai ko uba kaɗai, suke son ganin yardar wanda aka bari a gida. A idonsu mijin uwa ba shi da iko a kan yaro ko da shekara ashirin ya yi yana ciyar da shi. Dokar an yi ta ne don a kare yaro. Mu ne muka ɗauke ta muka mayar da ita sandar dukan tsohuwar mata.

Ni da ƙafata na je wurin uban yaron, don ni ne babba. Na same shi a shagonsa bayan la'asar, ya ba ni benci, ya aika aka sayo min ruwan sanyi. Na zaro takardar daga ambulan, na ajiye biro a kanta. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta biyu, ya turo min.

Ya ce, "Yaya, wallahi ba ni da matsala da kai. Amma ai ta san lambata. Ta kira ni da bakinta ta roƙe ni."

Na ce, "Malam, matar wani ce fa yanzu. Ni ne waliyyinta, ga ni na zo."

Ya ce, "To shi mai kuɗin da ya ɗauke ta ya sa hannun mana, tunda shi ne uban."

Na zauna kusan awa guda a bencin nan. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da darajar mahaifiyarsa. A cikin wannan awar bai tambaye ni ajin da yaron yake ba, bai tambayi lafiyarsa ba, bai tambayi izu nawa ya kai ba. Duk maganarsa a kan uwar take: yadda ta fita, abin da ta faɗa shekara tara da suka wuce, wanda ya zuga ta. A nan na tabbatar ba tsoron rasa ɗa ne ya riƙe masa hannu ba. Fushi ne tsoho ya samu inda zai huce.

Wani ya rubuto min cewa wataƙila yana tsoron kada su je su ƙi dawowa. Mijin ƙanwata da ke da shago a Kantin Kwari, da gida, da tsohuwa a raye, shi zai kwashi iyali ya je ya ɓuya a Turai da bizar ziyara? Kuma in tsoron ne da gaske, ai sai ya faɗa. Da an nuna masa tikitin dawowa, an rubuta ranar tafiya da ranar dawowa a cikin wasiƙar, an sa shaidu. Bai nemi ko ɗaya ba. Kiran waya ya nema daga matar aure.

Wani kuma ya ce haƙƙinsa ne, ɗansa ne, ya ga dama ya yarda ya ga dama ya ƙi. Na ji. To ciyarwa haƙƙin wa ce? Tufafi fa? Kuɗin magani? Shari'ar da ta ce shi ne uba ita ce ta ɗora masa waɗannan duka, ko yaron yana hannun uwarsa. Shekara 8 bai tuna da wannan ɓangaren ba. Sai ranar da aka zo neman sa hannu ya tuna shi uba ne. Ubancin da ba ya tashi sai a wurin hanawa, ni ban san sunan da zan ba shi ba.

Waɗanda suka fi ɓata min rai su ne masu cewa, "Mene ne a ciki? A bar shi wurin kakarsa mana, sati biyu ne kawai." Har wata baiwar Allah ta ƙara da cewa tsintacciyar mage ba ta mage, wai mijin ya daina wahalar da kansa a kan agola. Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ba ki ga yaron nan ba ranar da aka kawo fasfonsa. A ƙarƙashin matashin kai ya sa shi ya kwana. Da safe ya zo ya same ni yana cewa, "Kawu, ni ma za a ba ni kusa da taga?" Shekaranjiya kuma, da ya fahimci akwai matsala, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni a hankali, "Kawu, don sunana ba irin nasu ba ne?" Na rasa abin da zan ce masa. Sati biyu a wurinki ba komai ba ne. Shi kuwa zai tsaya a filin jirgi yana ɗaga wa uwarsa da ƙannensa hannu, ya koma gida ya san cewa a cikin su biyar shi ne wanda ake iya ajiyewa. Irin wannan ba ya fita daga zuciyar yaro da tsarabar cakulan.

Agola ba abin kunya ba ne a addininmu. Umar ɗan Abu Salama a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi, bayan Annabi ya auri mahaifiyarsa Ummu Salama. A akushi ɗaya suke cin abinci, a nan ne ma aka koya masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Mijin ƙanwata wannan sunnar ya bi. Mu kuma muka zo muna ba shi shawara ya ware yaron.

Sai kuma masu dabara. Wani mai harkar biza da aka haɗa su da shi ya ce abin ai mai sauƙi ne: a sake wa yaron takardar haihuwa da sunan mijin uwa, ko a sami wanda zai kwaikwayi sa hannun uban, lauya ya buga hatimi, shi ke nan. Mijin ya tashi ya bar masa ofis, kuma na yaba masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sunan uban yana cikin NIN, yana cikin fasfo, yana cikin rajistar makaranta. Ranar da aka gano takardar jabu ce, ba yaron kaɗai za a hana ba, har uwar da mijin sun shafa wa kansu baƙin fenti a duk neman da za su yi nan gaba. Ko babu wannan ma, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Ba za mu canza wa yaro nasaba saboda tafiyar sati biyu ba.

Hanyar da ta rage ita ce kotu, a samo hukuncin da ke nuna riƙon yaron a hannun uwarsa yake. Za mu bi ta, in sha Allahu. Amma kafin a kai sammaci, a zauna, a ɗaga, a sake zama, ranar miƙa takardun da aka daɗe ana jira ta wuce, hutun ma ya ƙare. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne abin da na gano a cikin jerin takardun da ake nema: da uban ya rasu, takardar shaidar mutuwarsa kaɗai za a haɗa a wuce wurin. Wato takardun maraya sun fi sauƙi a kan na yaron da ubansa ke raye yana shan iska a shago. Ina rubuta wannan hannuna yana rawa.

Ƙanwata ta ce ba za ta taka jirgi ta bar shi ba. Mijinta ya kira ƙaninsa ya ce a ɗaga ziyarar sai baɗi. Saboda sa hannu ɗaya, mutum biyar sun zauna.

Af, tunda maganar takardu ake, don Allah ku je ku duba na 'ya'yanku tun ba ku da buƙata. Muna cikin wannan hidimar muka tarar sunan ƙaramar an rubuta shi iri uku: Khadija a takardar Hukumar Ƙidaya, Hadiza a makaranta, Kadijat a katin asibiti. Uban ma Muhammad ne a wata, Mohammed a wata. Sati uku muka yi muna zarya kafin a daidaita sauran, kuma har yanzu ta makarantar ba su gyara ba, wai shugaban ya tafi taro.