Kafin Nirvana akwai Green River, kuma faifansu na talauci ya fi na kuɗi daɗi

Na san da yawanku za su ce wai me ya haɗa Bahaushe da kiɗan rok, ku dai yi haƙuri ku karanta, wanda bai so ya wuce abunsa. Sati biyu kenan ina ta maimaita wani ɗan faifai mai waƙa biyar kacal, Dry as a Bone na ƙungiyar Green River, a iyafis, har ƙanina ya tambaye ni ko wayar ce ta lalace saboda ƙarar da ke fitowa, na ce masa a'a lafiyarta ƙalau, haka aka ɗauki abun tun asali.

Duk wanda ya san salon rok ɗin da ake kira grunge sunan ƙungiyar Nirvana da mawaƙinta Kurt Cobain yake fara kawowa, kuma ba laifinsa ba ne, su ne a watan Janairun 1992 faifansu Nevermind ya ture Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya a Amurka, ka ga kuwa wanda ya ture Michael ai dole duniya ta san shi. Amma shekara bakwai kafin Nevermind ya fito wasu samari a garin Seattle sun riga sun kafa ƙungiya mai suna Green River, a 1984. Mark Arm ke waƙa, Steve Turner da Stone Gossard a gita, Jeff Ament a gitar bas, Alex Vincent a ganga. Sunan ma ba na arziki ba ne, laƙabin wani makashin mata ne da ya addabi yankin a lokacin, wanda sai 2001 aka kama shi. Wannan kam ban yaba musu ba ko kaɗan, ƙuruciya ce da neman a kula su.

Faifansu na farko Come On Down ya fito 1985 a wani kamfani na New York mai suna Homestead, kuma gaskiya ban cika son shi ba, waƙoƙin sun yi tsawo, kana jin yara ne da ba su gama yanke shawarar abun da suke so su zama ba. Steve Turner ma bayan an gama ɗauka ya tattara ya bar su don yana ganin kiɗan ya fara karkata wajen wani salon rok da ake kira metal, aka kawo Bruce Fairweather a madadinsa.

Wanda nake magana a kai shi ne na biyu, Dry as a Bone. A watan Yunin 1986 suka ɗauke shi a wani ɗan ƙaramin sitidiyo, Reciprocal, da wani injiniya Jack Endino, a na'ura mai layi takwas. Layi takwas fa jama'a, yau yaron da ke da laftof a ɗakinsa yana da layin da ya fi haka ninkin ba ninkin. Ma'anarsa ba ka da wurin ɓoye kuskure, ganga ta cinye layuka, gita biyu, bas, murya, shikenan an gama, abun da kuka buga shi za a ji. Gitocin nan kamar an tsoma su a taɓo, ba su da sheƙi sam, Mark Arm kuma ba waƙa yake ba sosai, wani irin gurnani ne da shaƙiyanci kamar mutumin da ke yi wa kansa dariya yana kuka lokaci ɗaya, sai bas ɗin Ament yana ta jan komai a ƙasa a hankali kamar tirela ta ɗauko siminti. Sun ɗauko zafin kan salon rok ɗin da ake kira punk suka haɗa da nauyin rok ɗin shekarun 1970 wanda 'yan punk ke ƙyama, wannan haɗin gambizar shi ne duk abun da daga baya aka yi ta sayarwa da miliyoyin daloli.

Kuma ko fitar da shi sai da aka yi shekara guda ana jira, don Bruce Pavitt mai kamfanin Sub Pop ba shi da kuɗin bugawa, sai 1987. A tallan da Sub Pop ta yi wa faifan ne aka sa kalmar grunge, wadda a Turanci dauɗa take nufi, datti. Wato sunan salon gaba ɗaya daga bayanin ƙazantar sautin wannan ɗan faifan ya samu gindin zama.

To ga inda ra'ayina yake. Ka saurari Dry as a Bone, sannan ka sa Rehab Doll da ya biyo baya a 1988, wallahi za ka ji rabuwar ƙungiya da kunnenka ba sai an ba ka labari ba. Sun koma babban sitidiyo mai layi 24, aka goge komai, ganga ta koma irin ta rediyon shekarun 1980 mai tas tas ɗin nan, waƙoƙin ba su da laifi amma an sa musu babbar riga da ba tasu ba. Lokacin gida ya riga ya rabu biyu. Ament da Gossard suna so babban kamfani ya ɗauke su su ci abinci da kiɗa, Mark Arm shi ko a jikinsa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na wasan da suka yi a Los Angeles a 1987, inda Ament ya ware gurbin baƙi don wakilan manyan kamfanoni maimakon abokansu, ƙarshe yawancinsu ba su ma zo ba. A ƙarshen Oktoba na shekarar ƙungiya ta watse, faifan ya fito babu masu shi.

Masoya wannan kiɗan suna son su maida Ament mugu, wai kwaɗayi. Ni ban yarda ba. Mutum ya taso daga wani ɗan ƙauye a jihar Montana ya zo birni, yana so sana'arsa ta riƙe shi, ina laifi? Wanda bai taɓa rasa kuɗin haya ba shi ke da bakin cewa kada a nemi kuɗi. Abun da kawai nake cewa shi ne neman yardar manya ya sa sun gyara abun da bai lalace ba, dattin nan shi ne jarinsu ba su sani ba. Shaida kuwa, a wannan sitidiyon dai da wannan Endinon dai Nirvana suka ɗauki faifansu na farko Bleach da ya fito 1989, a kan dala 606 da 'yan sulalla, wanda ko su ba su suka biya ba, wani Jason Everman ne ya biya.

Bayan watsewar kowa ya kama gabansa. Arm ya koma ya haɗu da Turner suka kafa Mudhoney, suka ci gaba da dattinsu. Ament da Gossard da Fairweather suka yi Mother Love Bone da mawaƙi Andrew Wood, ga babban kamfani ya samu, sai Wood ya mutu a Maris 1990 sanadin ƙwaya ana dab da sakin faifansu. Daga nan ne Ament da Gossard suka kafa Pearl Jam, faifansu Ten na 1991 ya sayar da sama da kwafi miliyan 13 a Amurka kaɗai. Shi kuwa Mark Arm ya daɗe yana aiki a sito na Sub Pop, yana kula da tura faya-fayai ga masu saye, in lokacin wasa ya yi ya ɗau gitarsa ya tafi. Kuma ba gaba suke ba fa, a 2008 sun sake hawa dandamali tare a bikin cikar Sub Pop shekara 20.

A 2019 Sub Pop ta sake fitar da faya-fayan biyu da ƙarin waƙoƙi, kuma a cikin na Rehab Doll an sa ɗaukar da suka fara yi a Reciprocal mai layi takwas kafin a kai su babban sitidiyo. Wannan nake so mai data ya nema a YouTube ko Spotify, ya sa waƙa ɗaya a tsohuwar ɗaukar sannan ya sa ta a gogaggiyar, ya dawo nan ya faɗa min wacce ta fi. Ƙanin nawa dai na gwada shi, ya ce duk biyun hayaniya ce in ba shi iyafis ɗinsa.