Abin da na gano a St Andrews, wanda talabijin ba ta taɓa nuna mini ba

Jiya da yamma a kulob ɗinmu na golf na tsaya ina kallon wani ƙanena a wasa, matashi mai jini a jika. Ya sa aka kawo masa kwando biyu na ƙwallo, ya zare direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ya yi ta zabga har kwandunan suka ƙare, bai taɓa wata sanda ba. Wayarsa na jingine da jaka tana maimaita masa bidiyon fitaccen ɗan wasan golf Rory McIlroy. Da ya gama yana share gumi ya ce mini, "Yaya, saura ƙiris in kama yadda yake juya kafaɗar nan." Na tausaya masa ƙwarai, domin na san yana son wasan nan har zuci, kuma na san hanyar da ya ɗauka ba za ta fisshe shi ba. Shi ya sa na zauna yin wannan rubutu, gare shi da duk 'yan uwa masu buga golf don sha'awa.

A watan Yulin 2022, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, Allah ya nufa na kai wa ɗana ziyara a Dundee ta ƙasar Sikotland inda yake karatu. Ya yi ta fafutuka har ya samo mana tikitin kwana biyu na gasar The Open, ɗaya daga manyan gasannin golf na duniya, karo na 150 a St Andrews: Laraba ranar atisaye, da Lahadi ranar ƙarshe. Garin St Andrews ba shi da tashar jirgin ƙasa, sai mu sauka a Leuchars mu hau bas. Mutum 290,000 ne suka shiga filin a makon nan, amma idan ɗan wasa ya tsaya kan ƙwallo, tsit za ka ji kamar ruwa ya ci gari, sai kukan tsuntsayen teku.

Abin da ya fara kama ni ƙara ce. Shekara da shekaru ina buga wasan nan, ban taɓa jin sanda ta haɗu da ƙwallo da irin wannan sauti ba, tas, a dunƙule, kamar an karya busasshen icce. Na biyu kuma, ba su yin gaggawa. Na zaci zan ga ƙarti suna kai duka iya ƙarfinsu. Abin da na gani mutane ne masu lilo da sanda a natse, su gama bugu suna tsaye daram a kan ƙafar gaba har ƙwallo ta sauka. Amma zan faɗi gaskiya, wannan ɓangaren kallo ne kawai na more. Ni da kai ba za mu samu wannan bugun ba. Mutanen nan tun suna yara suke abu ɗaya, kullum, da masu horarwa da likitocin jiki a bayansu. Mai zuwa ofis ko kasuwa Litinin zuwa Juma'a, ya taɓa sanda Asabar, idan ya ce sai ya yi lilon McIlroy, ciwon baya kawai zai saya.

Darasin da ya shafe mu a ranar Laraba na same shi. Na raka wani rukuni na 'yan wasa uku rami bayan rami, ba ma fitattu ba ne sosai, shi ya sa babu cunkoso a kansu, har ina jin maganarsu da masu ɗaukar musu jaka. Idan sun iso girin, wato shimfiɗaɗɗiyar gajeriyar ciyawar da rami ke ciki, tutar da ke nuna ramin ranar ba ta dame su ba. Kadi, wato mai ɗaukar jaka, zai zaro ɗan littafinsa, ya je ya soka tsinke a wurare uku ko huɗu inda suke zaton za a haƙa rami a kwanakin gasa. Shi kuma ɗan wasan sai ya watsa ƙwallaye a munanan wurare: bayan tudu, cikin kwari, gefen doguwar ciyawa. Daga wuri guda na ga wani ya gwada sanda uku. Ya ɗaga ƙwallo sama da ta farko, ta sauka ta zarce. Ya gangara ta da sandar ƙarfe mai lamba 8, ta matso. Ya ɗauki fota, sandar tura ƙwallo cikin rami, daga wajen yadi talatin da bakin girin, ta bi ƙasa tana hawa tana sauka har ta kwanta kusa da tsinken. Ya juya ya kalli kadinsa, suka gyaɗa kai, kadin ya rubuta wani abu. Mutumin nan tun kafin a fara gasa ya yarda zai yi kuskure, yana shirya yadda zai fita ne idan ya yi.

Ɗana ya tambaye ni, "Baba, me ya sa yake jefa ƙwallo inda ba ya so ta je?" Na ce masa don ya san wata rana can za ta je.

Mu fa? Mu muna fita fili da tunanin bugunmu mafi kyau. Wanda ya taɓa kai yadi 160 da ƙarfe mai lamba 7 sau ɗaya a shekarar bara, shi ke nan ya ɗaura aure da wannan lissafi, kullum ƙwallonsa na faɗawa gaban girin yana cewa iska ce. A can na ji da kunnena, tambayar da suke yi wa juna kafin bugu ita ce yadi nawa zuwa bakin girin, yadi nawa a tsallake yashi, kuma idan an kauce ta wane gefe ne da sauƙi. Talabijin ba ta nuna wannan. Ita tana yanko maka bugun da ya yi kyau daga rami goma sha takwas ta jera maka, sai ka ɗauka kowane bugu kusa da tuta yake sauka. Idan kana tsaye a wurin za ka ga sau nawa suke barin ƙwallo nesa da rami da gangan, su buga fota biyu, su wuce abinsu ba tare da fuska ta canza ba.

Filin kansa ya ba ni mamaki. Bazarar shekarar ta yi fari, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, ƙasa ta yi tauri ƙwallo na gudu a kai kamar a kan daɓe. Wallahi da na taka sai na tuna filayenmu na Arewa a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ya gama busar da komai. To ga manyan duniya a kan irin ƙasarmu, kuma me suke yi? Suna bin ƙasa. Suna sauke ƙwallo tun da nisa su bar ta ta gangara. Mu da muka tashi a kan tauri, wasunmu ma a kan yashin da aka kwaɓa da baƙin mai muka koyi saka ƙwallo a rami, mu ne muke sayen sandar ɗaga ƙwallo sama don mun gani a filayen Amurka masu laushi da ake ba ruwa dare da rana. Sandar ta daki ƙasa ta yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ta tsallake girin ta faɗa daji. Kowa a cikinmu ya san wannan bugun.

Ranar Lahadi mun yi sammako muka samu wurin zama a rumfar da ke kallon rami na 17, wanda ake kira Road Hole. Shawarata ga duk wanda ya samu zuwa kallon gasa ke nan: ka raka rukuni ɗaya na ɗan lokaci, sannan ka nemi rami mai wuya ka zauna, ka ga yadda mutum talatin ko arba'in za su warware matsala guda. Ramin nan yadi 495 ne, bugu huɗu ƙa'idarsa, wato adadin bugun da ake sa ran ƙwararre ya gama shi da su, kuma a golf mai ƙarancin bugu shi ke kan gaba. Bugun farko ta saman kusurwar harabar otal ake yin sa, ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka. Girin ɗin siriri ne a karkace, a gabansa ta hagu akwai wani kwarin yashi mai zurfi da bango a miƙe, a bayansa kuma titi da katangar dutse. Mafi yawansu gaban girin ta dama suke nufa, nesa da tuta, su karɓi abin da ya samu.

McIlroy da Viktor Hovland ne suka shiga ranar suna gaba da bugu huɗu, kuma kusan duk filin McIlroy ake so. Sai Cameron Smith ɗan Ostireliya ya ci rami biyar a jere, daga na 10 zuwa na 14, kowanne da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida. Ya iso gabanmu yana kan gaba da tazarar bugu ɗaya tak. Bugunsa na biyu ya gaza, ƙwallo ta tsaya ta hagu, kwarin yashin nan na tsakaninta da rami. Na ji rumfa ta ɗauki gunaguni. A raina na ce sai dai ya ɗaga ta sama ta tsallake yashin, in ta zarce kuma titi. Bai daɗe yana tunani ba ya karɓi fota. Ya tura ƙwallon ta gefen dama, ta bi leɓen kwarin har na riƙe numfashi, ta hau girin ta tsaya wajen ƙafa goma daga rami. Bai nemi kusa ba, ya nemi inda zai iya ƙarasawa. Ya zo ya duba, ya tsaya, ya tura ta tsakiyar rami. Da ya zubar da bugu a wurin nan, da kunnen doki za su yi da Cameron Young, wanda ya gama gasar da bugu 19 ƙasa da ƙa'ida. Smith ya tashi da bugu 64 a ranar, jimilla 20 ƙasa da ƙa'ida, ya ɗauki kofi. McIlroy kuwa bai kuskure girin ko ɗaya ba, amma kowane rami sai da ya buga fota biyu, ya tashi da 70, ya ƙare na uku. Na ji masa ciwo har raina.

Bugun nan na Smith babu ƙarfi a cikinsa. Dattijo ɗan shekara saba'in zai iya yin sa. Abin da ke ciki sanin gwargwado ne da haƙurin barin bugun burgewa alhali duniya na kallo. A filin nan dai Tiger Woods ya ci gasar a 2000 da tazarar bugu takwas, kuma cikin kwana huɗu ƙwallonsa ba ta shiga ko ɗaya daga kwarurukan yashi 112 da ke wurin ba. Ana yawan maganar nisan bugunsa, ni kuwa wannan lissafin ne ya fi burge ni.

Akwai abin da ba na so mu kwaso daga wurinsu: jan lokaci. Ranar farko ta gasar wasu sun haura awa shida a fili. Su abincinsu ke nan, kuma girin bakwai na filin rami biyu-biyu ke tarayya a kansu, dole a jira juna. Mu kuma sai ka ga mutum ya tsuguna gaba, ya tsuguna baya, ya zagaya, rana na dukan mutanen da ke bayansa. Wannan shiga haƙƙi ne. Abin koyi shi ne yadda kadi ke share yashi ya bar shi sumul, da yadda ɗan wasa ke sunkuyawa ya gyara tabon da ƙwallonsa ta yi, da yadda yake sauraron mai ɗaukar masa jaka kamar abokin shawara. Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai. Yaran da ke ɗaukar mana jaka sun fi mu sanin filin nesa ba kusa ba, a kansa suke wuni, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara. Amma yaro zai ce, "Alhaji, a ɗauki lamba 6," a daka masa tsawa, ƙwallo ta faɗa ruwa, a sake ɗora masa laifi.

Kuma ba sai an je Sikotland ba. Ana shirya gasar ƙwararru a Abuja da Kaduna da Jos da Legas, sau da yawa ba ko sisi ake shiga kallo, amma za ka tarar ƙwararren na tafe daga shi sai kadinsa, mu 'yan kulob muna rumfa muna hira. Vijay Singh, wanda ya zama na ɗaya a duniya a 2004, a Legas ya ci gasar Nigerian Open a 1988. Waɗanda suka daure suka bi shi a ƙafa a lokacin sun ga abin da daga baya duniya ta riƙa biyan kuɗi tana gani.

Ƙanen nan nawa na ce masa Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ya bar direba a but ɗin mota. Ya zo da ƙarfe mai lamba 8 da fota da ƙwallo goma, mu haɗu bayan rami na tara da ƙarfe bakwai, inda ƙasa ta fi tauri. Na kuma roƙi tsohon kadin kulob ɗinmu, wanda ya fi shekara ashirin yana taka filin, ya zo ya tsaya mana. Ya ce zai zo.